Yadda Matashi Zai Tafi Aikin Sa-kai A Wata Ƙasa, Daga Neman Gurbi Zuwa Miƙa Aiki

Duk shekara dubban matasa kan bar ƙasashensu su tafi wata ƙasa aikin sa-kai. Wani ya koyar a makarantar ƙauye, wata ta yi aiki a ƙaramin asibiti, wani ya taimaka wa ƙungiyar manoma da lissafin kuɗinsu. Abin ya daɗe. A 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Pierre Cérésole ya tara mutane kaɗan, har da Jamusawa, suka je wani ƙauye kusa da Verdun a Faransa suna gyara abin da yaƙi ya rusa. Daga nan ƙungiyar sa-kai ta ƙasa da ƙasa mai suna SCI ta samo asali, kuma tana nan har yau. Birtaniya ta samu ƙungiyar sa-kai ta VSO a 1958, Amurka ta kafa Peace Corps a 1961, Japan ta bi sahu a 1965, sannan a 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata shirin, UNV.

Kafin ka taɓa fom, riƙe abu guda: aikin da za ka je yi yana da masu shi. Mutanen garin sun riga ka sanin matsalarsu, kuma su za su ci gaba da zama da ita bayan jirginka ya tashi. A kan wannan za ka zaɓi ƙungiya, a kansa za ka amsa tambayoyin intabiyu, a kansa kuma za ka auna ko tafiyar ta yi amfani.

Mataki na farko: rubuta abin da hannunka ya iya

Ɗauki takarda ka jera abubuwan da ka iya har wani zai yarda ya biya ka a kansu. Son taimakon jama'a ba ya shiga wannan jerin, don duk mai neman gurbin yana da shi. Abin da ake nema shi ne irin su koyar da lissafi, jinya, gyaran famfo ko na'urar sola, kiwon kaji, riƙe littafin kuɗi, tattara bayanai da waya, tafinta tsakanin harsuna biyu. Aikin da doka ba ta yarda ka yi a ƙasarku ba saboda rashin horo, kada ka tsallaka ka yi shi a ƙasar wasu. Ɗalibin da bai kammala karatun likitanci ba ba shi da hurumin ɗinke rauni ko karɓar haihuwa don kawai ya sauka inda likitoci suka yi ƙaranci.

In jerin ya fito gajere, ka ba kanka shekara guda kana sa-kai inda kake: reshen ƙungiyar agaji ta Red Cross ko Red Crescent, ajin yaƙi da jahilci, gangamin rigakafi, ƙungiyar tsaftar unguwa. Duk inda ka yi, ka karɓi takardar shaida mai kwanan wata da sa hannun wanda ya kula da kai. UNV ma tana da sashen sa-kai ta intanet tun shekarar 2000, inda za ka yi wa wata ƙungiya fassara ko rubutu ko zane daga ɗakinka, a ba ka shaida. A cikin shekarar nan ta sa-kai a gida ce kuma za ka ƙara harshe. Mai Turanci da Faransanci, ko Larabci, ko Fotugis, guraben da ke gabansa sun fi na mai harshe ɗaya yawa.

Mataki na biyu: gano ƙofar da fasfonka ke buɗewa

Mutane da yawa kan ɓata watanni suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba. Peace Corps ta 'yan ƙasar Amurka ce kaɗai: wata uku na horo, shekara biyu na aiki. Shirin Japan na Japanawa ne. Shirin sa-kai na Tarayyar Turai na 'yan shekara 18 zuwa 30 ne, mazauna ƙasashen Tarayyar da wasu ƙasashen da ke ƙawance da shirin.

UNV kuwa ta kowa ce. Hedikwatarta na birnin Bonn a Jamus, tana ƙarƙashin UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma mafi yawan masu yi mata aiki 'yan ƙasashe masu tasowa ne. Ana yin rajista kyauta a dandalinta na intanet, a cika bayanai sau ɗaya, sannan a riƙa neman gurabe ɗaya bayan ɗaya. Tana da rukunin matasa masu ƙarancin ƙwarewa da rukunin ƙwararru, kuma kowane gurbi na zuwa da sharaɗinsa na shekaru da takardu.

Ga 'yan Afirka akwai ƙofofi na kusa. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirinta na matasa masu sa-kai a Abuja a Disambar 2010: ana tura matashi mai takardar gaba da sakandare wata ƙasar Afirka da ba tasa ba na tsawon wata 12, kuma sukan nemi shaidar ka taɓa yin sa-kai a baya. ECOWAS na da irin nata na Afirka ta Yamma. Najeriya na da shirin TAC tun 1987, mai tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Shirin weltwärts na Jamus, wanda aka fara a 2008, tun 2013 yake karɓar matasa daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka su yi aiki a Jamus, kuma ana nema ne ta hannun ƙungiyar da ke ƙawance da su a ƙasar mai nema. VSO ta fi neman waɗanda suka riga suka yi 'yan shekaru a bakin aiki.

Wanda ba shi da shekara guda a hannu, akwai sansanonin aiki na mako biyu zuwa uku irin na SCI, inda kai za ka biya kuɗin jirginka, a ba ka kwana da abinci. Ra'ayina a kansu shi ne, mai zuwa ne ya fi ƙaruwa. Za ka koyi zama da mutane iri-iri, amma mako biyu bai isa ka san sunayen maƙwabta ba, balle ka sauya wani abu. In ka tafi da wannan fahimtar, ba laifi.

Mataki na uku: bincika kafin ka amince

Nan ne wurin da ya fi cancantar ɓata lokaci, domin tarko iri uku ne ke jiran matashi mai ɗoki.

Na farko 'yan damfara. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko Facebook ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, a ce an zaɓe ka, sai dai ka tura kuɗin fom ko na horo ko na biza cikin kwana biyu. Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Gurbin da ba ka nema ba kuma ba zai zo ya same ka a waya ba. Duba adireshin imel ɗin da kyau: babbar hukuma ba ta rubuto wa mutum daga Gmail. Abin kan wuce asarar kuɗi. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar ya ba da rahoton cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya na tsare ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, kuma da tallar aiki na ƙarya aka jawo yawancinsu. Duk wanda ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido zai gyara takardu daga baya, ko ya ce zai ajiye maka fasfo, ka tsaya nan.

Na biyu kamfanonin da ke sayar da sa-kai kamar yawon shaƙatawa. Ba haramtattu ba ne, wasunsu ma suna aiki mai kyau. Amma in za ka biya, ka nemi a rubuta maka yadda ake kasafta kuɗin: nawa ke zuwa masauki, nawa ke zuwa aikin, nawa ke zama a ofishinsu. Wanda ya kasa amsa wannan ya riga ya amsa.

Na uku, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne gidan marayu. Tallar na taɓa zuciya, shi ya sa take ci. Sai dai ƙiyasin da ƙungiyoyin kare yara ke bayarwa shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida, a wasu wuraren kuma masu gidajen ne ke bi ƙauyuka suna karɓo yara da alƙawarin makaranta, domin yawan yara shi ne yawan gudummawar baƙi. A Haiti, bayan girgizar ƙasar 2010, an kama Amurkawa goma suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 da sunan marayu, daga baya aka gano yawancinsu suna da iyaye. A 2018 Ostareliya ta sanya safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani. Ko da gidan na gaskiya ne, yaron da ke shaƙuwa da baƙo duk wata, baƙon ya tafi, ana yi masa illa ne. Mai son yara ya nemi shirin da ke taimaka wa iyaye su riƙe 'ya'yansu.

Ka rubuta wa ƙungiyar waɗannan tambayoyi, ka jira amsa a rubuce. Wa ya nemi a turo mai sa-kai, mutanen wurin ko ofishinku? Wane ɗan ƙasar zan yi aiki a ƙarƙashinsa? Me ya sa ba a ɗauki ɗan gari a biya shi ya yi wannan aikin ba? Me wanda ya riga ni ya yi, kuma ina aikin ya tsaya? In na yi rashin lafiya da tsakar dare, wa zan kira? Sannan ka nemi a haɗa ka da mutum biyu da suka taɓa yi, ka kuma nemo na uku da kanka, wanda ba su suka zaɓa maka ba. Ƙungiyar da za ta bar ka kusa da yara ba tare da ta nemi takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da tarihin laifi ba, ba ta damu da yaran ba, kuma ba za ta damu da kai ba.

Mataki na huɗu: neman gurbin

Mai tantancewa na da tarin takardu a gabansa, kusan duk sun fara da cewa mai su yana ƙaunar al'umma tun yana yaro. Kai ka fara da aiki. Maimakon "na taimaka wajen ilimin mata", rubuta wane aji ka koyar, mutum nawa, wata nawa, da abin da suka iya a ƙarshe. Karanta bayanin gurbin layi-layi, kowane sharaɗi ka ajiye masa misali guda daga abin da ka taɓa yi. Kada ka ƙara gishiri a kan harshe: in ka ce ka iya Faransanci, ana iya juya intabiyun zuwa Faransanci ba sanarwa.

A intabiyu za a ce ka ba da labarin lokacin da ka saɓa da abokin aiki, ko lokacin da shirinka ya wargaje. Abin da suke aunawa shi ne ko kana saurare, ko kana iya bin umarnin wanda ka fi shi takarda. Amsa a jere: halin da aka shiga, abin da ka yi, abin da ya biyo baya. Rashin samu a karon farko abu ne da aka saba, musamman a UNV inda gurbi ɗaya ke jawo masu nema daga ƙasashe da yawa. Ka nemi gurabe da dama, har da na ƙananan garuruwan da mutane ke gudu.

Iyaye kuma kada su ji labari bayan an sayi tikiti. Kai musu takardar gayyatar, da sunan garin, da lambar ofishin, tun da wuri.

Mataki na biyar: yarjejeniya, biza, lafiya

Kada ka hau jirgi ba rubutacciyar yarjejeniya. Ta fayyace aikinka, tsawon lokaci, wa ke biyan tikitin zuwa da dawowa, masauki, alawus da ranar biyansa, hutu, da abin da zai faru in kai ko su kuka katse aikin. Inshorar lafiya ta haɗa da ɗauke ka zuwa babban asibiti ko wata ƙasa in abu ya yi tsanani, don wannan ne kuɗin da ke karya iyali. Alawus na ci da sha da sufuri ne. Wanda ya tafi da niyyar tara jari ko turo kuɗi gida duk wata zai sha takaici, gara ya nemi aikin albashi. Ka ajiye kuɗin ko-ta-kwana da zai iya dawo da kai gida ba tare da ka roƙi kowa ba.

Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ka dawo, da shafuka marasa hatimi. Biza kuma ta dace da abin da za ka yi, domin ƙasashe da yawa suna ɗaukar sa-kai a matsayin aiki ko da ba a biya. A Birtaniya, misali, bizar ziyara ta yarda da sa-kai na kwana 30 kacal a ƙungiyar agaji mai rajista. Abin da ya wuce haka sai bizar ma'aikacin agaji, wadda ke kai wa wata 12 kuma sai ƙungiya ta tsaya maka. Bizar gajeren zama ta ƙasashen Turai na yankin Schengen kwana 90 ce cikin kowane 180. Wuce wa'adi na iya jawo a hana ka shiga shekaru, ya kuma ɓata wa waɗanda za su nema bayanka.

Ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tafiya. Katin rigakafin cutar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har ƙarshen rayuwa. Tambayi likitan game da rigakafin ciwon hanta, taifot, sanƙarau, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro in ƙasar na da shi. Mai shan magani kullum ya tafi da isasshe da takardar likita, don maganin da ake sayarwa a fili a wata ƙasa laifi ne a wata. Ɗauki hoton dukkan takardunka ka ajiye a imel, ka bar kwafi a gida, in ka sauka kuma ka sanar da ofishin jakadancin ƙasarku.

Mataki na shida: watan farko na kunne ne

Za ka sauka da ɗoki, cikin mako guda ka ga abubuwa goma da kake ganin ka san gyaransu. Rubuta su a littafi ka rufe. Bayan wata biyu in ka buɗe, za ka tarar rabinsu suna da dalilin da ba ka gani ba.

A wannan watan ka koyi gaisuwa da godiya da ƙirga da ban haƙuri a harshen wurin, ko da aikin da Turanci ake yi. Abokin aikinka ɗan gari ya kai ka wurin shugabannin gari, na addini, na mata, na matasa, bisa tsarin da shi ya ga ya dace, don da ɗan gari akan ci gari. Ku zaga da ƙafa: inda ake ɗebo ruwa, inda ake zubar da shara, hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, unguwar da ba a kai baƙi. Ka lura da wanda ba ya zuwa taro. Wanda ya fi iya Turanci kuma ya fi zaƙewa wajen raka ka ba lallai ne shi ke magana da yawun jama'a ba, kuma in aka riƙa ganinka da ɓangare ɗaya na wata tsohuwar rigima, ɗaya ɓangaren ya rufe maka ƙofa ba tare da ka san dalili ba.

Mataki na bakwai: aikin kansa

Akwai darasin da duk mai wannan harka ya kamata ya sani. An taɓa ƙirƙiro wani famfo mai suna PlayPump: lilo ne mai juyawa, yara na wasa a kai ruwa na hawa tanki. Duniya ta yaba, har a 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alƙawarin dala miliyan 16.4. Aka kafa su a ƙasashen kudancin Afirka, a wasu ƙauyukan Mozambik ma aka cire famfon hannu mai aiki aka sa shi ba a tambayi kowa ba. Yara ba sa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa, sai mata, har da tsofaffi, suka koma tura lilo da hannu. Kuɗinsa ya kai dala 14,000, ninkin famfon hannu sau da yawa, in ya lalace kuma ba mai gyara a kusa. Niyya ba ta yi ƙaranci ba, kuɗi ma haka. Tambaya ce ba a yi ba.

Kwatanta da abin da Kamal Kar, wani masanin raya karkara ɗan Indiya, da abokan aikinsa suka fara a Bangladesh wajen shekarar 2000 kan bahaya a fili. Ba su raba siminti ba. Sun sa mutanen gari su zana taswirar garinsu a ƙasa, su nuna inda ake zagayawa, su bi da kansu yadda ƙuda da ruwan sama ke mayar da ƙazantar cikin abinci. Mutane suka gina masai da abin da ke hannunsu. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Yana da masu suka, musamman inda aka mayar da shi kunyata talaka, amma ya nuna cewa abin da mutane suka yanke da kansu ya fi saurin kama ƙasa.

Yanzu a ce an tura ka garin da famfon tuƙa-tuƙa ya yi wata takwas a lalace. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗauki hoto, ka tara kuɗi wurin abokai, a gyara cikin mako, a yi maka tafi. Bayan tafiyarka zai sake lalacewa, a zauna jiran wani baƙon. Ga hanya mai wuya. Ka tambayi wa ya haƙa, sau nawa ya taɓa tsayawa, wa ya gyara, ina ake sayar da kayan gyaran, nawa ne kuɗin mota zuwa can. Sau da yawa za ka tarar roba ce ƙarama ta cinye a cikin bututu, mai gyaran ya bar gari, kwamitin ruwa ya watse tun ranar da aka nemi kuɗin asusu aka rasa, kuma matan da ke ɗebo ruwan ba ko ɗaya a cikinsa. Ka ga matsalar ba ta ƙarfe ba ce. Sai abokin aikinka ya kira taro a lokacin da mata za su iya zuwa, shi ya jagoranta, kai kana gefe. Su za su yanke nawa kowane gida zai riƙa bayarwa, wa za a yafe wa, wa zai riƙe kuɗi, wa zai riƙe littafi, kuma kada ya zama mutum ɗaya. Naka shi ne ka zauna da ma'ajiya ku ja layi huɗu a littafi: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Ka nemo wanda zai koya wa matasa biyu kwance famfon da ɗaurawa, su yi da hannunsu kana kallo. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Wannan zai ci wata uku maimakon mako guda, kuma ba ya yin kyau a hoto.

Haka yake a aji ko asibiti ko gona. Duk abin da za ka yi, a samu ɗan gari a gefenka yana yi tare da kai, kuma kayan aikin su zama waɗanda ake samu a kasuwar yankin. Kada ka yi alƙawari. "Zan duba" a bakinka, "zan kawo" ce a kunnen mai buƙata. In ba ka da iko, ka ce ba ka da shi, ka faɗi wanda ke da shi.

Mataki na takwas: iyakokin da ba a tsallakewa

Hoto sai da izini, na yaro sai da izinin iyayensa, kuma marar lafiya ko mai cikin halin ƙunci ba abin ɗorawa a Instagram ba ne. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki. Dokar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ta haramta wa ma'aikatanta duk wata mu'amalar jima'i da wanda bai kai shekara 18 ba, ko me dokar ƙasar ta ce, ta kuma haramta musayar kuɗi ko kaya ko aiki da jima'i. Yawancin ƙungiyoyi sun ɗauki wannan ƙa'ida, kuma in ka ga abokin aiki yana yi, wajibi ne ka kai rahoto. Siyasar ƙasar ba taka ba ce, ko a Facebook. Addininka ka riƙe abinka, ka nemi wurin ibadarka, amma kujerar aikin agaji ba mumbari ba ce. Kyautar kuɗi daga aljihunka ga mutum ɗaya kuwa kan haifar da gaba tsakanin maƙwabta. In ka ga buƙata ta gaggawa, bi ta hannun ƙungiyar.

Batun tsaro, mutane kan ji tsoron 'yan bindiga su manta da titi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Sa hular kwano a kan babur, ka guji tafiyar dare. In kare ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ka nufi asibiti ranar. Ke kuma 'yar'uwa, tun kafin ki tafi ki tambaya wa ake kai wa ƙara in wanda ya takura miki shi ne shugabanki, ki tabbatar ƙofar ɗakinki na da sakata ta ciki, ki kuma yi ƙawa cikin manyan matan unguwa. Sun fi kowane ofishi sanin wanda za a kiyaya.

Wajen wata na biyu ko na uku ɗoki kan ƙare. Abinci ya gundure ka, komai ya riƙa ba ka haushi, ka ji kamar ba ka tsinana komai. Kusan kowa na shiga wannan. Rage zaman waya da mutanen gida, fita ka zauna cikin jama'a, ka samu wani abin yi na yau da kullum kamar ƙwallo. In ya kai ga rashin barci da rashin ci na makonni, faɗa wa mai kula da kai.

Mataki na tara: miƙa aiki da komawa

Shirin tafiya na farawa ne tun aikin na tsakiya. In ya rage wata uku, ka ja baya: wanda ka koya wa ya riƙa yi, kai ka zama mai amsa tambaya. Ka ɗauki hutun mako guda da gangan, ka dawo ka ga abin da ya tsaya. Abin da ya tsaya shi ne sauran aikinka.

Rubuta takardar miƙa aiki a harshen da masu karɓa ke karantawa: abin da aka gama, abin da ya rage, lambobin masu gyara da masu sayar da kaya, kalmomin sirrin kwamfuta, inda rasit suke, da abin da aka gwada bai yi ba. Wannan na ƙarshen ne aka fi ɓoyewa, shi ne kuma ya fi amfani ga na bayanka. Kayan aiki a miƙa wa kwamiti ko makaranta a gaban shaidu, a rubuce. Ka biya bashin mai shago da mai wanki, ka bi waɗanda ka gaisar ranar zuwa ka yi musu sallama.

Kafin ka bar ofis karɓi takardar shaidar kammalawa da wasiƙar shugabanka, don nemansu daga nesa wahala ne. Ka bar ƙasar kafin bizarka ta ƙare. In ka isa gida ka ga likita, kuma duk zazzaɓin da ya taso cikin watannin farko ka gaya masa ƙasar da ka fito. Ka sabunta takardar tarihin aikinka tun alƙaluman na kanka. Bayan wata shida ka kira abokin aikinka ka tambaye shi abin da ke tafiya da abin da ya tsaya, ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta, ka tura wa ƙungiyar da wanda ya gaje ka.